Yadda Ɗalibata Ta Riga Ni Zama Farfesa

Duk shekara, ranar farko da sababbin ɗalibai suka shigo ajina na dokar yaƙi, nakan tambaye su abin da ya kawo su. Wasu su ce suna son taimakon waɗanda aka zalunta. Masu gaskiyar cikinsu kuwa su ce sun ga hoton Farfesa Masi a waya, tana jawabi a ƙasar waje, ga tutoci a bayanta, ga Turawa suna rubuta abin da take faɗa. A ganinku aikin ke nan: a yi karatu, a sa kwat, a hau jirgi. To ku gyara zama. Na haura shekara ashirin a wannan aiki, jirgin da na taɓa hawa bai wuce Legas ba, kuma ita Masin da kuke kallo a waya, ni na koya mata yadda ake riƙe rakoda.

Sunana Umaru. A nan Mubi aka haife ni, a bayan kasuwa, amma mahaifina daga ƙasar Katsina ya zo da fataucin atamfa, ya zauna. Hausa na tashi da ita a ɗakin uwata. Fulatanci ina jin na ciniki. Gude da Kamwe kuwa, da ake yi a duwatsun da suka kewaye mu, ko gaisuwa ban iya ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba, tunda kowa da Hausa yake zuwa ya same ni.

Aikina na farko ba a aji na yi shi ba. Da na gama karatun lauya, sai na riƙa bin Baba Vandi, wani tsohon alƙali mutumin Michika da ya yi ritaya, dattawa suna kiransa raba rigimar gona. Wata rana muka je Mayo Bani. Shanu sun cinye dawar wani manomi, an yi faɗa, an sare shi a hannu. Baba Vandi ya ce ni zan yi tambaya. Na buɗe littafi da ƙarfin gwiwa na ce wa manomin, "Shanun Ardo ne suka shiga gonarka, ko?" Kafin mutumin ya buɗe baki, Baba Vandi ya zare biron daga hannuna.

"Ɗana, ka riga ka ba shi amsa. Me ka rage masa ya faɗa?"

Ya cire takalmi, ya sauka daga benci ya zauna a ƙasa kusa da manomin. Ya tambaye shi abin da ya ci da safen ranar, da inda rana take lokacin da ya ji kukan shanu, da launin saniyar da ke gaba. Sai ga shi ashe shanun ba na Ardo ba ne, na wasu baƙi ne masu wucewa. A hanyarmu ta komawa ya ba ni ƙa'idojinsa, kuma su nake koyar da ku har yau. Kada ka sa wa shaida suna a baki. Ka zauna ƙasa da shi, ba sama ba. Ka rubuta abin da ya faɗa, ba abin da kake jin yana nufi ba. Idan ka gama, ka karanta masa duka kafin ka tashi.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafi mai bango mai kauri, don a cinya za ka rubuta. Biro biyu. Rakoda, a wancan lokaci mai kaset, da batir na ajiya a aljihu. 'Yar tabarma. Goro saboda tsofaffi. Takardar yarda, wadda za ka karanta da ƙarfi mutum ya dangwala yatsa idan ya amince. Sunayen mutane kuma a wani littafi daban suke, wanda ba ya kwana a jaka ɗaya da na shaida, don idan jakar ta faɗa hannun da bai dace ba, takardarka ce za ta kashe wanda ya yarda da kai.

Da na koma koyarwa, aka ba ni dokar yaƙi saboda ba mai so. Shekara da shekaru ina karanta wa ɗalibai yaƙe-yaƙen wasu ƙasashe: ba a kashe wanda ya ajiye makami, ba a taɓa asibiti, ba a lalata rijiya. Rabin aji suna gyangyaɗi. A cikin waɗannan shekaru wata yarinya da ke zama a layi na biyu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idan wanda ya karya dokar maƙwabcinka ne, kuma bayan yaƙi rijiyarku ɗaya, wane sashe ne ya yi magana a kan haka?" Na ce mata ba ya cikin manhaja. Masi ke nan. Mahaifinta Kamwe ne, mahaifiyarta Gude ce daga Duvu, kuma cikin Fulani ta tashi. Ni na ba ta maki mafi girma a ajin, ni na rubuta takardar da ta sa aka riƙe ta a matsayin ƙaramar malama. Ina so ku riƙe wannan, don ba ko'ina ake faɗarsa ba.

Sai shekarar gudu ta zo. Ina gyaran takardun gwaji da hantsi muka ji harbin 'yan bindiga daga bakin gari. Na kwashi iyali muka bi duwatsu da ƙafa muka tsallake iyaka, daga can muka zagayo Yola. Da aka kori 'yan bindigar muka dawo, na tarar an ɓalle ƙofar ofishina. Ba zan ce muku sun ƙona littattafan dokar yaƙi don labari ya yi daɗi ba. Ko taɓa su ba su yi ba. Kujera suka ɗauka da fanka. Amma abin da nake karantawa a littafi ya zama labarin kowane gida. Ni da Masi muka yanke shawarar mu bi ƙauyuka mu ɗauki shaidar mutane tun ba su manta ba, ko su mutu da ita.

Masu zuwa mana iri-iri ne. Akwai matan da aka kashe wa maza. Akwai maharba da 'yan banga, masu son a rubuta jarumtarsu a bar sauran. Akwai wanda ya ɗauka mu masu rabon abinci ne, da ya ga ba buhu sai ya tashi. A nan na fara lura da wani abu. Mukan shimfiɗa tabarma biyu, ni a gindin wannan bishiya, ita a waccan. Wanda ya zauna gabana, cikin minti ashirin ya gama: sun zo, sun yi harbi, mun gudu, Allah ya kiyaye gaba. Wanda ya zauna gabanta sai ya kai azahar. Su fara da Hausa, su zarce Gude, a yi kuka, a yi dariya, a aika gida a kawo mata kunu. Na ce a raina don mace ce, mata sun fi sakin jiki da ita. Sai na ga wani tsohon maharbi da ya ba ni jimla biyar ya koma wajenta ya cinye kaset biyu. Da yamma a bayan babur jakarta cike, tawa da sauran kaset ko ledarsu ban ɓare ba.

Aikin ƙauyen Kwaja ni kaɗai na je, don ranar Masi ta tafi jana'iza Michika. Wata tsohuwa ce, Mama Rifkatu, wadda aka kashe ɗanta Ishaku a gabanta. Kusan ita kaɗai ta rage a unguwar ranar, yawanci sun hau dutse, ita ƙafa ta hana ta. Na cire takalmi, na zauna ƙasa, na karanta takardar yarda, ta dangwala. Na fara da tambayar iyali kamar yadda aka koya mini. Sannan ta shiga labarin da Hausarta.

"Sun zo da safe. Ishaku ya shiga rumbu, na rufe da ciyawa. Sun tambaye ni, na ce babu. Sai sun shiga gidan Haruna. Sun daɗe. Sai ya fito da su, yana kuka, ya nuna rumbu da hannu."

"Haruna ne ya nuna musu?" na ce.

"I, gidan Haruna."

Hadari ya haɗu a kan dutse. Mai babur ya leƙo ya ce idan mayo, wato rafin da ke hanya, ya cika ba mai tsallakewa sai gobe. Na rubuta cewa maƙwabcinta Haruna ne ya nuna maɓoyar ɗanta, na rufe littafi, na yi mata sallama. Ban karanta mata ba.

Bayan 'yan watanni jauro, wato mai garin, ya kafa zaman dattawa, da fasto da liman a ciki, don a tantance wanda zai zauna da wanda ya haɗa kai da 'yan bindiga. Suka aiko suna neman abin da na tattara. Tsohuwar ta riga ta yarda a faɗa wa dattawa, don haka na aika musu layi biyu da sa hannuna. Ita kuwa a lokacin ta koma Duvu wajen 'yarta tana jinya, kuma 'yar ta hana kowa yi mata maganar ranar, don da an taɓo sai ta faɗi. Aka karanta takardata a gaban jama'a. Aka tambayi Haruna, ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Aka ce ya bar gari. Matasa suka kware rufin ɗakinsa, aka ba kawun Ishaku gonarsa. Ya ɗauko 'yarsa ya shigo Mubi yana tura kurar ruwa. Ni kuma na rubuta maƙala a kan wannan zama, na nuna yadda ƙauye ke yin adalci ba tare da kotu ba. Wata mujalla ta buga, na sa a jerin ayyukan da zan nemi ƙarin girma da su.

Damina biyu ta wuce. Masi ta ɗauki aikin da ba wanda yake so, wato juya kaset-kaset zuwa rubutu, kalma bayan kalma, nawa da nata. Wata Talata ta shigo ofishina da rakoda, ta mayar da ƙofa ta rufe, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, don Allah ka saurari nan."

Ta kunna farkon kaset ɗin Kwaja, wurin tambayar iyali. Muryar tsohuwar ta fito: "'Yata ya yi aure a Duvu, ya haifi uku."

"Na ji," na ce. "Sai me?"

"'Yarta take cewa ya yi aure. Na bi kaset ɗin daga farko har ƙarshe, ba ta yi amfani da kalmar ‘ta’ ba ko sau ɗaya. Mace da namiji duk ‘ya’ ne a bakinta."

"Amma na tambaye ta, ta ce i."

"Ta ce gidan Haruna, Malam. Ba ta ce Haruna ba."

A Mubi aka haife ni. Irin wannan Hausar nake ji kullum a kasuwa, muna yara har kwaikwayonta muke yi muna dariya. Amma ranar da ran mutum ya rataya a kanta, kunnena ya ji ta irin ta ɗakin uwata. Kuma zan faɗa muku abin da ya fara zuwa raina a kujerar nan, ba Haruna ba ne. Cewa na yi, me ya sa ita ce ta ji?

Ashe ta riga ta je Duvu. Ta yi kwana biyu a gidan kafin 'yar ta bar ta ta yi tambaya, kuma da Gude ta yi. Wadda ta fito tana kuka ta nuna rumbu Asabe ce, matar Haruna. Ɗaya daga cikin 'yan bindigar yana riƙe da 'yarta ƙarama, da wuƙa a wuyanta. Bayan sun kashe Ishaku suka saki yarinyar suka tafi da Asabe, har yau ba labarinta.

Na jawo takarda na ce zan rubuta wa jauro gyara yanzun nan. Masi ta ce, "Malam, da mun fara tambayar Haruna." Na ce me za a tambaye shi, mutumin da za a wanke? Ta ce idan mutumin da aka ɗora wa abin da bai yi ba ya yi shiru, akwai dalili.

Muka same shi a bakin famfon burtsatse yana cika jarkoki. Na gabatar da kaina, na ce ni ne na rubuta takardar, kuskure ne, yanzu mun san ba shi ba ne. Bai ɗago ba.

"Na sani, Malam. Ina cikin masara ranar. Yarinya ya faɗa mini."

"To me ya hana ka faɗa a gaban dattawa?"

"Idan na ce uwarta ne, yarinya zai zauna a ina? Wa zai aure shi? Ku bar shi a kaina."

Iyakar abin da ya ce mini ke nan. Masi ta yi masa magana da Gude, ya juya ya dube ta, ya zauna a bakin kura. Suka yi fiye da awa ɗaya. Ya yi ta magana yana share fuska da hula. Ni, da digirin dakta, ina tsaye riƙe da jakarta, ina kashe masa famfo idan jarka ta cika. Ba wanda ya fassara mini sai da muka hau hanya.

Yadda Masi ta tsara zaman na biyu, ba a littafin da na ba ta ta karanta ba. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin Duvu da Kwaja da Mubi har sai da Haruna ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: ba takarda za a karanta ba, tsohuwar ce za ta faɗa da bakinta, kuma da wuƙa za ta fara kafin ta kai ga rumbu. Aka ɗauko Mama Rifkatu a babur, mutum ɗaya yana riƙe da ita a baya. Aka taru a gindin ɗorawa. Ni na fara miƙewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar da na aiko muku ba daidai ba ce. Na sa wa shaida suna a baki, ban kuma karanta mata abin da na rubuta ba." Jauro ya ce, "Malam, mu mun ɗauka takarda ba ya ƙarya." Na koma na zauna.

Tsohuwar ta yi magana da Gude, Masi tana raɗa mini fassara. Ta faɗi wuƙar, ta faɗi yadda Asabe ta roƙe su su kashe ta a maimakon yarinyar. Da ta kai wurin rumbu, wani daga cikin matasa ya miƙe yana zagi, ta ɗaga masa sanda ya zauna. Ta sa aka kawo mata 'yar Haruna, ta riƙe hannunta. Ta ce da a wuyan Ishaku aka sa wuƙar, da ita ma ta nuna ɗan kowa, kuma duk wanda ya goranta wa yarinyar nan, ita ya goranta wa. Ba a rungume juna ba, kada ku zata. Kawun Ishaku ya ce ya riga ya yi shuka, ba zai tashi daga gonar ba sai ya girbe, haka kuwa aka yi, Haruna ya ƙara rasa damina ta uku. Amma ya koma gida, matasan da suka kware rufin su aka sa suka mayar. Da za mu tafi, mata suka rako Masi har bakin hanya da gyaɗa da kaza. Ni aka ce mini a sauka lafiya.

Bayan wata shida ta ajiye mini rubutu a tebur. Ta bi duk kaset ɗinmu, ta nuna yadda shaida ke canjawa idan mutum ya ba da ita da harshen da ba nasa ba, da abin da yake ɓoyewa, da abin da mai rubutu ke ƙara masa ba da sani ba. A saman shafin farko sunana ne, sannan nata. Na karanta sau biyu. Akwai shafi uku a tsakiya da na san ko shekara goma aka ba ni ba zan iya rubuta su ba. Na ɗauki jan biro na soke sunana.

"Malam, kaset ɗinka ne rabi. Kuma kai ka koya mini aikin."

"Ba na so a ce ɗalibata ce ta goya ni," na ce.

Ta roƙe ni har sau uku, na ƙi. Ku da ke neman shawara, ga ta kyauta: kada ku soke sunanku da jan biro ranar da ranku yake ɓace.

Wannan rubutu shi ya fitar da ita. Aka buga shi a babbar mujalla, aka fara aiko mata da gayyata. Ƙasashen da na yi shekaru ina koyar da yaƙe-yaƙensu daga littafi, ita ta taka su da ƙafarta, ta kawo mini tsarabar biro. Ni kuwa sai da na rubuta wa mujallar da ta buga tawa maƙalar na ce su janye ta, tunda a kan kuskure na gina ta. Jerin ayyukana ya ragu da ɗaya a shekarar da nake bukatar ƙari. Muka zama matsayi ɗaya, sannan ta wuce. Takardun da nake kai mata yanzu ta sa hannu, a da ni take kawo wa. Har yanzu idan na shiga ofishinta sai ta miƙe tsaye ta ce, "Malam, da ka aiko na zo." Da ma ta daina. Da tana da girman kai, da na sami abin faɗa.

Ranar laccarta ta kama kujerar farfesa, zauren ya cika har waje. Mutanen Kwaja sun zo a mota guda, Haruna yana layin gaba da sabuwar riga. Ta ba da labarin kaset ɗin, ta ce "wani mai ɗaukar shaida", ba ta kama suna ba. Abokan aiki suka yi ta yaba mata dattako. Ni a layi na uku ina tunanin ko kuskuren nawa ma ya zama nata. A ƙarshe ta gode mini a matsayin malaminta, aka yi tafi. Na lura sunana ya zo ne tsakanin malamarta ta firamare da mai babur ɗin da yake kai mu ƙauye. Rubutun nata kuwa, a mako na shida za ku karanta shi a ajin nan. Ni na sa shi a manhaja, don babu wanda ya fi shi. Tambayoyin da nake fitarwa daga cikinsa su suka fi tsauri, kuma ba na sassauta maki.

Bara wani aiki ya zo. Akwai Alhaji Sule mai gishiri, abokin mahaifina, tare suka zo daga ƙasar Katsina. Bai gudu ba lokacin da aka kama garin, saboda tsufa, don haka ya ga abin da ya faru a kasuwa da idonsa: wa ya buɗe wa 'yan bindiga shaguna, wa ya ɓoye mutane. Masi ta je masa sau uku. Kowane zuwa sai ya sa a kawo mata lemo, ya ce, "'Yata, abin da ya wuce ya wuce." Da ciwo ya kwantar da shi, ya aiko a kira masa ɗan mai atamfa.

Awa huɗu muka yi a zaurensa. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, ba ya kama suna kai tsaye. Sai ya ce mai shagon da ke kallon gabas, ko surukin wanda ya gina masallacin layi. Duk na san su, a cikinsu na tashi. Amma ban sa masa ko suna ɗaya a baki ba. Na jira, na tambayi launin ƙofa, na tambayi me ake sayarwa a shagon, har ya faɗa da kansa. Ya ba ni labarin wani mahauci da kowa ke zargi, ashe shi ya ɓoye iyalin wani fasto a ɗakin ajiyar fatu har kwana tara. Da muka gama na karanta masa duka, ya gyara wuri biyu, ya dangwala. Bayan wata ɗaya ya rasu. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

A sashenmu akwai ƙa'ida yanzu, ita ta kafa: ba a ajiye shaida sai kunne na biyu ya saurara. Na sa aikin a aljihun tebur na kulle. Mako uku yana nan. Kullum in buɗe in duba in mayar. Amma akwai sunayen mutane masu rai a ciki, kuma na san abin da takarda mai sa hannuna ta taɓa yi. Na ɗauka na kai mata.

Bayan kwana biyu ta kawo mini da kanta. Na tanadi fuskar da zan karɓi gyara da ita.

"Malam, babu gyara," ta ce. "Akwai wurare ma da ban gane wa yake nufi ba sai da na karanta bayaninka. Wannan ba ni da kunnen jin sa."

Na dubi fuskarta da kyau, ban ga komai ba. Na ce to madalla, ta fita. Na rufe ƙofa, na kunna daga farko, awa huɗu cif, ina neman kuskuren da ta gani ta bar mini saboda tausayi. Ban samu ba. Ran Asabar na sake. Zuwa yau sau biyar ke nan na saurara, ban samu ba, kuma ban daina nema ba.